Tallafin Kuɗi a Zamanin Annoba: Gidan Da Ya Ci Da Gidan Da Ya Ajiye

A cikin shekaru biyun da annobar korona ta tsare mutane a gidajensu, wato 2020 da 2021, hukumomin duniya sun aikata wani abu wanda ba a taɓa aikata irinsa da wannan yawa ba: suka buɗe baitulmalinsu suka miƙa wa jama'a tsabar kuɗi, ba a matsayin ladan aiki ko rance ba, kuma mafi yawansu ba su ɗora wa mai karɓa wani sharaɗi ba. Ƙididdigar da masana Bankin Duniya suka tattara a ƙarƙashin jagorancin Ugo Gentilini ta nuna cewa rabon ya kai ga mutum wajen miliyan 1,360, kimanin ɗaya cikin kowane shida na bani'adama. Tun da yake yanzu ƙura ta lafa, an kuma sami sararin bin sawun kuɗin nan har cikin gidajen da suka shiga, ya wajaba a yi bahasi a kan natijarsu cikin natsuwa, domin ibtila'i irin wannan ba ya sallama kafin ya shigo, kuma abin da aka fahimta a wannan karon shi ne guzurin karo na gaba.

Asalin mas'alar shi ne cewa kuɗi, ko da adadinsu ɗaya ne a takarda, nauyinsu ba ɗaya ba ne a kowane gida. Kulle ya sami mutane a kan halaye uku. Akwai mai albashi da mawadaci, wanda shigar kuɗinsa ba ta yanke ba, sai dai wuraren kashe su ne aka rufe. Akwai manomin ƙauye, wanda talaucinsa ya girmi annobar, amma yana da ɗan abin da ya rage a rumbu da gonar da ba a hana shi zuwa ba. Sannan akwai na uku, wanda shi ne zuciyar wannan sharhi: mai neman na yau a birni, ɗan dako da mai shayi da mai wankin hula da mai tuyar ƙosai a bakin titi, waɗanda rayuwarsu hannu baka hannu ƙwarya ce, abin da aka samo da rana shi ake ɗora wa tukunya da magariba.

Wanda ya zauna a Kano lokacin da aka rufe gari a tsakiyar watan Afrilu na 2020, ga azumi ya kama bayan 'yan kwanaki, ya san yadda irin wannan gida yake rushewa, domin rushewar tana da tsari, mataki bayan mataki. Da fari nama ne ke fita daga miya, sannan man ya ragu, sannan a mai da girki sau ɗaya a yini, uwa ta ce ta ƙoshi alhali ba ta ci ba don kwanon ya ishi yara. Daga nan sai littafin bashin mai kanti, har ranar da shi ma zai rufe littafin, ba don rashin imani ba, sai don wanda yake sarar masa kaya ya daina ba shi. Bayan wannan ne ake shiga mataki mai haɗari, wanda ba a cika dawowa daga gare shi ba: a sayar da wayar hannu, a sayar da akuyar da ake kiwo, a ɗauki keken ɗinki ko baro ko kayan ɗakin matar gida a kai wa dillali, ya saya da farashin wanda ya san mai kayan ba shi da zaɓi. Gidan da ya rage cin abinci yana murmurewa idan aka buɗe gari. Gidan da ya sayar da jarinsa kuwa, ko an buɗe gari, ba shi da abin da zai fita nema da shi. A ganina, babban aikin tallafin kuɗi a lokacin annoba shi ne ya tari gida kafin ya kai wannan mataki, kuma saboda haka mafi girman amfaninsa ba ya bayyana a lissafin abin da aka saya, yana ɓoye ne a cikin abin da ba a sayar ba.

Ƙasashe masu arziki su ne suka fi kowa sakin hannu, kuma a can ne aka fi ganin bambancin gida da gida ƙarara, domin sun bai wa mabuƙaci da wanda ba ya buƙata a lokaci guda. Amurka ta yi rabo sau uku: dala 1,200 ga kowane baligi a ƙarƙashin dokar da aka sa wa hannu a watan Maris na 2020, da dala 600 a ƙarshen shekarar, da dala 1,400 a watan Maris na 2021, ana rage adadin ga wanda samunsa ya haura dala 75,000 a shekara, ban da ƙarin dala 600 a kowane mako da aka yi wa waɗanda suka rasa aiki a watannin farko. Hukumar ƙidayar ƙasar ta lissafa cewa rabon 2020 ya fitar da mutum miliyan 11.7 daga ƙangin talauci, har ya zama talauci ya ragu a shekarar da miliyoyi suka rasa ayyukansu, abin da hankali ba zai karɓa ba sai da hujja. Amma Raj Chetty na Jami'ar Harvard da abokan bincikensa, waɗanda suka bi diddigin sayayya ta katin banki, sun gano cewa gidajen masu ƙaramin ƙarfi suna kashe kuɗin da zarar sun shigo, alhali gidajen masu hali, musamman a rabo na biyu, kaɗan ƙwarai suka taɓa daga ciki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai hali bai daina zuwa gidan abinci da otal don rashin kuɗi ba, tsoron cuta ne ya zaunar da shi, kuma tsoro ba ya jin maganin dala. A watan Afrilu na 2020 Amurkawa sun ajiye kusan sulusin abin da ya shigo hannunsu. Abin takaicin da ke cikin wannan shi ne, talakan da ya rasa aiki yawanci mai yi wa mai hali hidima ne, don haka kuɗin da aka bai wa mai halin ba su dawo wa talakan da aikinsa ba.

Japan ta bai wa duk mazaunin ƙasar yen 100,000 ba tare da duban samunsa ba, kuma kaso mai yawa ya kwanta a banki, in ban da a gidajen da ke cikin ƙunci. Koriya ta Kudu ta yi dabara: ta ba da har won miliyan ɗaya ga gida mai mutum huɗu, mafi yawa a kan kati, wanda ba ya aiki sai a yankin da mutum yake zaune, kuma wa'adinsa yana ƙarewa a ƙarshen watan Agusta, don a tilasta wa kuɗin shiga kantunan unguwa.

Inda aka ga ƙarfin tallafi a fili shi ne ƙasashe masu matsakaicin hali waɗanda suka riga suka mallaki rajistar talakawansu, kuma Burazil ita ce misali mafi bayyana. Ƙasar tana da shirin Bolsa Família tun 2003, tana da kundin sunayen mabuƙata da aka daɗe ana gyarawa; da annoba ta zo sai majalisa ta amince da riyal 600 na kuɗin ƙasar a kowane wata, wanda ya ninka matsakaicin abin da ake biya a tsohon shirin wajen sau uku, uwar da ke riƙe da gida ita kaɗai kuma a ba ta 1,200. Rabon ya kai ga mutum kimanin miliyan 68, da yawansu 'yan tireda da masu aikin yini ne waɗanda hukuma ba ta taɓa sanin da zamansu ba. An yi dogayen layuka a ƙofar bankin gwamnati, an sami waɗanda suka karɓa ba da haƙƙi ba, amma duk da haka matsanancin talauci ya ragu a 2020 alhali tattalin arzikin ƙasar yana tsukewa. Sai aka rage kuɗin zuwa rabi a watan Satumba, aka dakatar da su a farkon 2021 daidai lokacin da cutar ta fi tsananta, kuma talauci da yunwa suka dawo da ƙarfin da ya zarce na da. Duk wanda ke shakkar tasirin tallafi ya dubi wannan: an kunna shi an ga abin da ya faru, an kashe shi an ga abin da ya biyo baya, a ƙasa ɗaya, a kan mutane ɗaya.

Irin wannan darasi ya maimaitu a Amurka a kan yara. Daga Yuli zuwa Disamba na 2021 an riƙa biyan iyaye wata-wata, bisa lissafin dala 3,600 a shekara ga yaron da bai kai shekara shida ba da 3,000 ga wanda ya fi haka. Talaucin yara ya sauko zuwa kashi 5.2 cikin ɗari, mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa, da shirin ya ƙare kuwa ya hau zuwa 12.4 a 2022.

Sai dai adalci ya hukunta a kawo hujjar da ba ta yi wa masu goyon bayan tallafi daɗi ba. Wasu masana daga Harvard da Jami'ar Exeter ta Ingila sun raba wa dubban talakawan Amurka dala 500, wasu dala 2,000, sau ɗaya tak, a lokacin annobar, sannan suka tambaye su halin da suke ciki ta fuskar kuɗi da lafiya da kwanciyar hankali. An kashe kuɗin cikin 'yan makonni, kuma ba a ga waɗanda suka karɓa sun fi waɗanda ba su karɓa ba walwala; ta wasu fuskokin ma amsoshinsu sun nuna ƙarin damuwa. Bayanin da masanan suka rinjayar shi ne, kuɗin sun isa su sa mutum ya zauna ya lissafa buƙatunsa, amma ba su isa su biya su ba. Duk wanda ya taɓa riƙe gida zai gane wannan ba tare da dogon sharhi ba: ranar da aka ji kuɗi sun shigo, ranar ce mai haya da mai kanti da ɗan'uwan da ya ranta suke tunawa da kai. Ni ban ɗauki wannan bincike hujja a kan cewa kuɗi ba su da amfani ba. Abin da na fahimta daga gare shi, idan aka haɗa shi da na Burazil da na yaran Amurka, shi ne cewa kwanciyar hankalin talaka tana rataye ne da yaƙinin cewa wata mai zuwa ma akwai, fiye da yadda take rataye da girman abin da ya karɓa yau. Ruwan da ya zuba sau ɗaya kamar da bakin ƙwarya ya ɗauke ba ya raya shuka kamar yayyafin da ya jera kwanaki. Fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya sun riga sun hango wannan maslaha da suka halatta a bai wa faƙiri daga zakka abin da zai ishe shi shekara guda, domin manufar ita ce kifaya, ba ɗanɗano ba. Alhali kuwa matsakaicin tsawon shirye-shiryen da aka yi a duniya lokacin korona bai kai wata biyar ba, annobar kuma ta haura shekara biyu.

A Kenya ma an sami shaida mai auna gaskiya. Tun kafin annoba ƙungiyar GiveDirectly tana biyan mutanen wasu ƙauyuka na yankunan Siaya da Bomet abin da bai kai dala ɗaya ba a yini, kuma masana irin su Abhijit Banerjee da Tavneet Suri suna bibiyar sakamakon. Da annoba ta zo, waɗanda ke karɓa sun fi maƙwabtansu sauƙin yunwa da rashin lafiya da baƙin ciki, ko da yake bambancin matsakaici ne. Amma ribar sana'o'in da suka kafa da kuɗin ta faɗi kamar ta kowa. Tallafi yana riƙe ciki da rai, ba ya buɗe kasuwar da hukuma ta rufe.

Yanzu mu juyo gida, inda zancen ya fi ciwo. Ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna cewa a ƙasashe mafiya talauci rabon bai kai ga mutum ɗaya cikin goma ba, wato kuɗin sun fi ƙarancin isa a daidai inda suka fi amfani. A Nijeriya, da aka ba da umarnin rufe Legas da Ogun da Abuja daga ranar 30 ga Maris na 2020, gwamnati ta koma ga shirin da take da shi na naira 5,000 a wata ga gida, aka riƙa biyan naira 20,000 na wata huɗu a dunƙule, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya ba da umarnin a faɗaɗa rajistar mabuƙata daga gida miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. A auna wannan da abin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a shekarar, cewa mutum miliyan 82.9 ne ke ƙasa da ma'aunin talauci, wanda ta ƙayyade a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara. Ko an ɗauka kowane gida mutum biyar ne, kuma duk wanda ke rajista an biya shi, waɗanda aka rufa wa asiri ba su kai rubu'in matalauta ba. Naira 5,000 ɗin kuwa, da aka bai wa gida sukutum, ba ta kai rabin abin da mutum ɗaya ke buƙata a wata ba bisa ma'aunin hukumar kanta.

Bayan ƙarancin akwai kuskuren saiti, kuma ba sai an zargi niyyar kowa ba kafin a gan shi. An gina rajistar ne domin talaucin ƙauye mai daɗewa, ta hanyar tara mutanen gari su nuna mafiya rauni a cikinsu; annoba kuwa birni ta fara bugawa, ta bugi wanda jiya ba a lissafa shi cikin miskinai. Mai tura baro a Kantin Kwari ba ya cikin rajistar matalauta domin yana samun na abinci, ba ya cikin takardar albashi domin ba ma'aikaci ba ne, sai ya faɗa a tsakani, babu mai sunansa. Sai a watan Janairu na 2021 aka ƙaddamar da rajistar gaggawa domin talakawan birane, bayan kullen ya wuce da watanni, an riga an sayar da abin da za a sayar. Abin da ya riƙe mutane a haƙiƙa shi ne abin da ya saba riƙe su: maƙwabtaka da zumunci, da sadakar masu hali a watan azumi, da kwanon da ke tsallaka katanga. Amma wannan igiya an saƙa ta ne domin musibar da ke samun gida ɗaya ta bar goma; idan ta sami goma sha ɗayan a dare ɗaya, mai bayarwa shi ma mai nema ne. Fasa rumbunan kayan tallafi da aka yi a Jos da Legas da wasu garuruwa a watan Oktoba na 2020, ko da ba a halatta shi ba, ya nuna yadda amana ta yanke tsakanin mai rabo da wanda ake raba wa.

Kada a ce talaucin ƙasa ne uzuri, domin Togo ba ta fi mu arziki ba. A watan Afrilu na 2020 ta ƙaddamar da shirin Novissi, wanda aka gina cikin kwanaki kaɗan a ƙarƙashin minista Cina Lawson: mutum ya danna lamba a ƙaramar wayarsa, ya shigar da lambar katin zaɓensa, wanda ke ɗauke da sana'arsa da unguwarsa, idan ya cancanta kuɗi su shigo masa ta wayar, ba layi ba ɗan tsakani. An nufi masu sana'ar hannu na wuraren da aka rufe, an kuma fifita mata da gangan, sefa 12,250 a wata ga mace, 10,500 ga namiji, kuma fiye da mutum rabin miliyan suka samu a zagayen farko. Daga baya, tare da masana Jami'ar Berkeley da GiveDirectly, aka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da yanayin amfani da waya wajen gano mafiya talauci a karkara. Hanyar tana da aibinta, domin wanda ba shi da waya ko katin zaɓe ya fita daga lissafi, kuma sau da yawa shi ne mafi buƙata. Akwai kuma tambaya mai nauyi game da sirrin mutane. Tura wa mata kuɗi ta waya kuwa yana da madogara: tun a 2010, binciken da Jenny Aker ta jagoranta a jihar Tawa ta Nijar ya nuna cewa matan da aka tura wa tallafi ta waya sun huta da doguwar tafiya da jiran layi, kuma abincin gidajensu ya fi na waɗanda aka ba su hannu da hannu yawan iri.

Akwai masu cewa a ba da abinci ya fi, kuma wannan tsohon saɓani ne wanda malamai suka sani a babin zakkar fidda kai, inda Malikiyya suka tsaya a kan abinci, Hanafiyya suka halatta ƙima. A mas'alar tallafin hukuma, wadda ba ibada ce mai ƙayyadadden nassi ba, hukuncin yana bin halin kasuwa. Idan hatsi yana nan, kuɗin saye ne babu, to kuɗi sun fi, domin ba sa ruɓewa a sito, ba sa buƙatar mota, kuma matar gida ta fi kowane jami'i sanin ko yau gero take buƙata ko maganin zazzaɓin yaro. Idan kuwa hatsin ne babu, ko hanya ta yanke, kuɗi ba za su ƙara komai ba sai farashi. Shi ya sa a shekarar fari ta zamanin Sayyidina Umar, kamar yadda malaman tarihi suka ruwaito, ayarin abinci ya nema daga gwamnonin lardunan da ke da wadata. Indiya ta haɗa biyun: rupi 500 a wata har wata uku ga mata kimanin miliyan 200, da kilo biyar na hatsi kyauta ga kowane mutum cikin wajen miliyan 800, kuɗin sun yi kaɗan, hatsin ne ya ɗauki nauyin, kuma duk da haka leburorin da suka taka da ƙafa daga birane zuwa garuruwansu da yawa sun rasa duka biyun, domin takardunsu na wata jiha ne.

Zargin cewa talaka zai ɓatar da kuɗin a shaye-shaye bai tsaya a gaban hujja ba. David Evans da Anna Popova sun tattara binciken ƙasashe da dama tun 2014, ba su ga sayen giya da taba ya ƙaru ba. Zancen hauhawar farashi ya fi wannan ƙarfi. A Amurka ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a watan Yuni na 2022, kuma ko da yake masana sun yi saɓani a kan kason da rabon kuɗi ya ɗauka a ciki, tare da tsaikon jigilar kaya da yaƙin Yukren, ba na jin mai adalci zai ce ba shi da hannu ko kaɗan. Tsada kuwa talaka ta fi ci. Ke nan dalar da aka bai wa wanda ba ya buƙata ba asara ce ga baitulmali kawai ba, tana iya dawowa ta zama nauyi a kan wanda aka yi rabon dominsa. Amma a tuna kuma cewa tsananta tantancewa yana da nasa farashin, domin kowane sharaɗi da aka ƙara don a kori wanda bai cancanta ba yana korar wani mai haƙƙi da ba shi da takarda. A makonnin farko na musiba na fi son a yi kuskuren bayarwa a kan kuskuren hanawa, a gyara saitin daga baya.

Misali na ƙarshe shi ne Afirka ta Kudu, wadda ta fara biyan rand 350 a wata ga marasa aiki a watan Mayu na 2020 da niyyar wata shida, sai ga shi an yi ta sabunta shi shekara bayan shekara, har aka ɗaga shi zuwa 370 a 2024, domin rabon ya fito da miliyoyin mutane waɗanda buƙatarsu ba annoba ce ta haife ta ba. Abin da Nijeriya da Nijar za su ɗauka daga duk wannan aiki ne na lokacin lafiya: a rubuta ɗan dako da mai ƙosai tun yanzu, da unguwarsu da sana'arsu da lambar da kuɗi za su same su, a riƙa sabunta kundin, a buɗe shi ga masu bincike don a san ba sunayen 'yan siyasa ne a ciki ba, a kuma ware tun kafin buƙata abin da za a biya, da adadinsa da watannin da zai ɗauka, yadda magidanci zai san ranar da zai karɓa kafin dillali ya zo ƙofarsa.